Cikon Sha Biyar a Ƙauyen Masu Sanda

Tun ranar da na sauka aka ɗaura min abin hannun nan na zaman killacewa, wayata ba ta huta ba. Alhaji Tanimu mai kagon aika kaya na unguwar Chow Kit a nan Kuala Lumpur shi kaɗai ya ishe ni. "Oga Isyaku, how far? An ce ƙauye ka je a ƙasar Turawa. Wai Turawa ma suna da ƙauye? Bayani lah!" Na ce ya bari in fito mu zauna a shagon abinci na mamak da shayi a gabanmu, ya ce shi ba zai iya jira ba. To, tunda ba ni da aikin yi sai kallon rufin gidajen unguwarmu ta Sri Petaling ta taga, matata kuma tana ajiye min abinci a bakin ƙofa kamar wanda aka yi fushi da shi, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta.

Ba yawon buɗe ido na je ba, aike ne. Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni ne na fari, Sabi'u ne auta, tsakaninmu duk mata. Ni na ɗauko shi daga Kano ya yi karatun jinya a nan Malesiya, a falona ya kwana har ya gama. Ana dab da shigowar korona ya samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Ireland, ya tafi. Sai annoba ta zo ta rufe kowa a inda ta same shi.

A shekara ta biyu ta ciwon, wata ƙanwarmu ta yi wautar nuna wa Inna hoton da Sabi'u ya sa a waya. Ga shi tsaye cikin wasu ƙartin Turawa, kowa riƙe da sanda, shi yatsunsa biyu a naɗe, haɓarsa da filasta, yana ta dariya. Inna ba ta ga dariyar ba. Ta sa aka kira ni.

"Kai ka fitar min da yaro," ta ce. "An ce min jinya yake yi, ga shi cikin 'yan daba. Ka je ka dawo min da shi gida."

Na yi bayani, na yi rarrashi, a banza. Jininta ya hau, abinci ma sai an yi da gaske take ci. Ƙarshe na ce, "Inna, na yi miki alkawari." Na riga na nema masa aiki a wani asibitin kuɗi a nan, na ce in na kawo shi kusa da ni, sauran mai sauƙi ne.

Wanda bai yi tafiya a zamanin korona ba bai san tafiya ba. Biza daban, izinin fita daga Malesiya da dawowa daban, shaidar rigakafi daban, sannan a zura maka tsinke a hanci har ka ji shi a ƙeyarka. Filin jirgin Kuala Lumpur da na sani kamar kasuwar Kwari ranar jajibere, na same shi shiru, kantuna a rufe, takalmina kaɗai nake ji. Muka yada zango a Doha, muka sake tashi. Kusa da ni wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Filifin, ita ma Ireland ta nufa. Da ta ji inda za ni sai ta ce, "Ka taho da rigar ruwa?" Na ce ai daga Malesiya nake, mu ne masu ruwa. Ta dube ni ta saman takunkumi kawai.

A Dublin jami'in shige da fice ya tambaye ni garin da za ni. Na gwada faɗin sunan, bakina ya ƙi, sai na nuna masa a waya. Ku ma ba zan rubuta muku ba, don yadda suke rubuta shi daban, yadda suke faɗa daban. Ya karanta, ya ɗaga gira. "Me ya kai ƙanenka can? Ai 'yan garin ma gudu suke." Na ce aiki. Ya ce, "Yana buga musu?" Na ce abin da ya kawo ni ke nan. Ya yi dariya, ya buga hatimi, ya ce in gaishe shi da ƙoƙari.

Na hau bas zuwa Limerick, a nan na gane abin da 'yar Filifin take nufi. Ruwanmu na nan yakan zo da tsawa, ya yi abin da zai yi, ya tafi. Nasu ba ya zuwa, ba ya tafiya, yana nan kawai, siriri, yana shiga ta wuyan riga. Sabi'u na jirana a tasha da wata ƙaramar mota mai warin ciyawa da jiƙaƙƙen kare. Ya yi ƙiba, kafaɗunsa sun buɗe. Muka tsaya muna kallon juna, ba mu san ko a rungume ko a haɗa gwiwar hannu ba. Sai ya rusuna ya ce, "Yaya, sannu da hanya."

Hanyar ƙauyen mota ɗaya take ci, shinge na gogar madubi ta kowane gefe. Duk motar da muka haɗu da ita sai direban ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, Sabi'u ma ya ɗaga.

"Duk ka san su?"

"A'a, Yaya. Gaisuwa ce. In ba ka ɗaga ba, kafin ka isa gida an ce ba ka da tarbiyya."

Na ce ashe dai ana samun mutanen kirki a ko'ina. A lif ɗin gidanmu na nan, akwai wanda muka shekara muna hawa tare ban san muryarsa ba.

Ƙauyen layi ɗaya ne: coci, makaranta, kanti ɗaya wanda shi ne gidan waya, mashaya biyu, ɗaya ta mutu. Abin da ya fi komai kyau a garin shi ne filin wasa, ciyawarsa a gyare kamar darduma. Kowane turken lantarki da tuta kore da rawaya. Har wata tsohuwar mota na gani a bakin hanya an shafe ta da waɗannan launuka, tayoyi da gilashi duka.

Sabi'u yana zaune ne a gidan wata dattijuwa mai suna Nora. Mijinta ya rasu a gidan tsofaffin a farkon annoba, lokacin da iyalai ba sa shiga, sai dai su tsaya ta bayan taga. Sabi'u ne yake zaune a gefensa, shi ya riƙe masa hannu, shi ya riƙa kara masa waya a kunne. Bayan an yi jana'iza ta aika aka kira shi, ta ce ɗakin ɗanta Kevin babu kowa, ya bar ɗakin haya ya dawo. Kevin yana Ostireliya yana aikin gini, ƙasar kuma ta rufe ƙofa, ko jana'izar ubansa a waya ya kalla.

Ta tarye ni da, "Za ka sha shayi." Na ce na gode, na ƙoshi, kamar yadda aka koya mana. Ta sake tambaya, na sake godiya. Ta uku ba ta tambaya ba, kofi kawai na gani a hannuna. Sabi'u ya raɗa min cewa al'adarsu ɗaya da tamu, baƙo ya ƙi, mai gida ya matsa. Bambancin kawai su ba sa gajiya. A kwanakin da na yi na sha shayin da ban sha ba a shekara. Abinci kuwa dankali ne, safe burodi mai ruwan ƙasa da man shanu, rana dankali da kabeji, yamma dankalin da ya rage. Tana da tukunya da kasko na Sabi'u daban waɗanda naman alade bai taɓa shiga ba, naman rago kuma daga wurin wani mahauci Musulmi a Limerick ake sayo shi. Yajin da na kawo ta ɗanɗana a bakin cokali, ta yi tari har da hawaye, ta ce yanzu ta gane me ya sa yaron nan ba ya jin sanyi.

Sai na buɗe jaka na fito da tsaraba. Kun san sana'ata. Shekara da shekaru ina zaɓar wa matan Kano mayafi a Jalan Masjid India, ban taɓa zaɓen da aka dawo min da shi ba. Na zaɓo mata wani gyale mai kauri, ja mai duhu da ratsin fari, na dattawa. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta warware. Sabi'u ya dafe goshi. Wani tsoho da ke zaune kusa da murhu, ƙanen mijinta mai suna Tom, ya fashe da dariya har yana buga ƙafa.

"Daga wancan bangon duniya," ya ce, "ka rasa abin da za ka kawo mata sai tutar maƙiya!"

Ashe ja mai duhu da fari launin ƙauyen da ke maƙwabtaka da su ne, waɗanda suke gaba da su a filin wasa tun kakanni, kuma da su za a kara ranar Lahadi. Nora ta naɗe gyalen a hankali ta ce yana da kyau ƙwarai, za ta riƙa yafa shi in za ta kwanta, bayan ta kashe fitila.

Da lokacin salla ya yi na shimfiɗa darduma na fuskanci yamma, kamar yadda muka saba a nan. Sabi'u ya juya ni. A can gabas ake kallo, kamar a gida, an ɗan karkata. Tom ya bi inda fuskata ta nufa da ido ya ce daidai ƙauyen maƙiya ke nan, in taimaka in sa su a addu'a, amma ba ta alheri ba.

Wasan nasu sunansa hurling. Tom ne ya koya min abin da na sani, a rumfarsa ta bayan gida inda yake gyaran sanduna. Kada ku ɗauka ƙwallon gora ce irin wadda ake yi a filin Bukit Jalil. Sandar kanta faffaɗa ne kamar muciya, ƙwallon kuma ba ta fi lemo ba, amma da tauri kamar dutse. Ana dukanta a ƙasa, ana dukanta a sama, ana cafe ta da hannu, ana ɗora ta a kan sanda a yi gudu da ita ba ta faɗi ba. In ta wuce ta saman raga tsakanin turaku biyu, maki ɗaya. In ta shiga raga, uku. Kowane gefe mutum goma sha biyar.

Ya jingina wata sanda a ƙuguna ya auna, ya ce wannan ce tawa, in gwada. Na jefa ƙwallo sama na kai mata duka, na daki iska. Na sake, na daki iska. A na uku na same ta, ta tafi ta bugi bokitin kaji. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ni kuwa na gwada.

Itacen da ake sassaƙa ta nau'i ɗaya ne, kuma daga gindi ake yanko shi, inda ya lanƙwasa zai shiga ƙasa, don jijiyar itacen ta bi lanƙwasar sandar. Tom ya ce wata cuta ta shiga bishiyoyin tana kashe su, har wasu sun fara yin sandar da gora. Ya tambaye ni ko gaskiya ne a Malesiya gora tana girma mutum yana kallo. Na ce kusan haka. Ya girgiza kai, ya ce duniya ta lalace.

Ni ɗan kasuwa ne, don haka na tambayi abin da kowannenku zai tambaya: nawa ake biyansu? Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Ba a biyan kowa, in ji shi, ko waɗanda ake nunawa a talabijin gobe da safe suna aji suna koyarwa ko suna tatsar shanu. Na ce to in ƙauye ya rasa gwani, ba sai ya sayo daga wani gari ba?

"Ba a saye, ba a sayarwa," ya ce. "Ƙasar cocin da aka haife ka, ko inda kake kwana kake tashi, nan za ka buga har gwiwarka ta ƙi."

Ƙasar coci kamar mu ce ƙasar dagaci ce. Wannan ya tuna min da dambe na da, lokacin da mutum yake shiga fili da sunan garinsu. Amma a nan matsalar take. Samarin ƙauyen sun watse, wasu Ostireliya, wasu Kanada, wasu Dublin. A bana sun riga sun kasa tara mutum goma sha biyar sau ɗaya. In suka sake kasawa za a cire su daga gasa, baɗi kuma a haɗe su da masu ja da fari su zama ƙungiya ɗaya. Tom ya ce ubansa ya sa kore da rawaya, shi ya sa, yayansa marigayi ya sa. Bai ƙarasa ba, ya koma yana goga wata sanda da ba ta buƙatar guga.

Washegari na bi Sabi'u zai je aiki, na tare shi a mota. Na faɗa masa halin da Inna take ciki, da alkawarin da na yi, da aikin da ke jiransa a nan.

"Yaya," ya ce, "wallahi ni ban iya wasan nan ba. Ni ne worst player a duk yankin, kowa ya sani. A kusurwa suke ajiye ni inda ƙwallo ba ta cika zuwa ba. Amma in babu ni, su sha huɗu ne."

"Uwarka ba ta cin abinci, kana min lissafin sha huɗu?"

Ya ci gaba da tuƙi. Raina ya ɓaci, na ce a yi wasan Lahadi, daga nan ya ba su sanarwar barin aiki. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ɗaga wa wata mota yatsa, muka wuce.

Ranar Lahadi da safe labari ya zo cewa 'yan wasa biyu sun yi hulɗa da mai korona, an ce su zauna a gida. Tom ya yi ta buga waya. Ƙarshe aka zaro mai raba wasiƙun garin, mutum mai furfura da tumbi, aka sa a raga, aka ɗauko wani malamin makaranta da ya yi shekaru da ajiye sanda. Da Sabi'u suka cika cif.

Saboda annoba an rufe ɗakin sauya kaya, don haka kowa a bayan motarsa ya tuɓe, cikin yayyafi, ga mata da yara na wucewa, ba wanda ya damu. Ni na kawar da kai. A bakin ƙofa aka matsa mana man wanke hannu. Gari biyu suka fito kaf, har da tsofaffi a keken guragu an lulluɓe su da bargo. Nora ta zo da fulas da burodi a jaka, ta tsaya kusa da ni, salihar mata.

Ana jefa ƙwallo Nora ta zama wata mace daban. "Ja shi! Kai Michael, uwarka ta fi ka gudu! Alƙali, ina ka bar tabaranka?" Takunkuminta ya sauko haɓa ba ta sani ba. Ni kuwa ƙwallon ma ba na ganinta. Sai dai in ji ƙwas, in ga kawuna sun juya, in juya, kafin nan ta koma ɗaya gefen. Mutum zai miƙa hannu tsirara sama ya cafe ta alhali sanduna uku na kai mata sara. Ban taɓa ganin abu mai sauri da ban tsoro da kyau haka ba, kuma ban san lokacin da na fara ihu ba.

Sabi'u yana can kusurwarsa da hular kwano mai waya a fuska, yana ta tsalle-tsalle don ɗumi. Mai tsaronsa wani ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Sai bayan hutun rabin lokaci ƙwallo ta ɓace hanya ta nufo su. Sabi'u ya rigaye shi, ya sa sanda, ƙaton ya kawo tasa da ƙarfi. Na ji ƙara kamar an karya itacen girki. Sandar Sabi'u ta rabe biyu, shi kuma ya kife.

Ban yi shawara da kowa ba. Na tsallake igiya, na keta filin da jibgegiyar rigar sanyi, ina ihu da Hausa, "Kai! Kai! Kashe shi za ka yi?" Na riƙe sandar ƙaton da hannu biyu, kamar yadda ake raba faɗa a unguwa. Shi ya saki baki yana kallona. Alƙali ya yi ta busa usur. Sai na ji filin gaba ɗaya, kore da ja, ya ɗauki dariya.

Sabi'u ya ɗago daga cikin laka. "Yaya, don girman Allah ka fita! Ba abin da ya same ni. Free aka ba mu, bugun tazara!"

Na fita ina karkaɗe riga, ban kalli kowa ba. Aka buga bugun, ta wuce ta sama, maki ɗaya. Nora ta dafa ni ta ce a tarihin ƙungiyar ba a taɓa samun ɗan kallo da ya taimaka haka ba.

An cinye mu, kuma ba da kaɗan ba. Amma da aka tashi na ga Tom yana bin 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya yana dafa kafaɗarsu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Sun fito, sun cika, ƙungiya ta tsira. Ƙaton nan ya zo ya miƙo min gwiwar hannu, ya ce da yana da yaya irina da ba a taɓa dukansa a makaranta ba. Likitan dabbobi ne. Sannan ya juya ga Sabi'u yana tambayarsa ko gwaggonsa da ke gidan tsofaffi ta fara cin abinci.

Sandar da ta karye ta Kevin ce. Sabi'u ya kawo wa Nora gutsattsarin yana ba ta haƙuri. Ta karɓa, ta juya su a hannu, ta ce ta gaji da ganinta a rataye a bango lafiya lau.

Ranar Litinin ta wanke rigunan ƙungiyar duka, don ita ce mai wankinsu tun Kevin yana yaro. Na taya ta shanya, ina neman ta inda zan fara. Ita ta sauƙaƙa min.

"Tafiya da shi ka zo yi," ta ce. "Tun ranar da ka shigo kake kallon ɗakinsa kamar mai auna ko kayan za su shiga akwati. Ba na jin haushi. Uwarsa ce. Za ka bar ni in yi magana da ita?"

Agogonsu a lokacin ɗaya yake da na Kano, don haka bayan la'asar muka kira. Ƙanwarmu ta ɗauka, ta ba Inna wayar. Inna ta rame. Sabi'u ya durƙusa a gaban teburin kicin ya gaishe ta, ta sa ya ɗaga yatsunsa ta ƙirga. Sannan Nora ta zauna, ni a tsakiya ina tafinta.

Nora ta faɗa mata yadda Sabi'u ya zauna da mijinta. Ta ce wasan ba faɗa ba ne, ko da yake wani lokaci yakan yi kama. Ta ce, "Na san ba nawa ba ne. Wata ƙasa ta ɗauke min nawa, sai naki ya shigo. Kullum in na zuba masa abinci ina fata a can ma wata tana zuba wa nawa. In kin ce ya tafi, ni zan haɗa masa kaya."

Na juya shi zuwa Hausa, ban rage ba. Sai Inna ta tambaya:

"Yana salla?"

Nora ta ce har ita yake tayarwa da asuba da ƙarar famfo.

"Nata ɗan, yaushe zai dawo?"

Na tambaya. Nora ta ce ko an buɗe hanya ziyara zai zo, ya riga ya sayi gida a can. Muryarta ta karye a kan sunansa, ta share ido da bayan hannu.

"To ya zauna," Inna ta ce. "Ka ce mata aro na ba ta, ba kyauta ba. In hanya ta yi kyau ya zo in gan shi. Kuma ya riƙa sa hular kwanon nan da aka ce ana sawa."

Na faɗa wa Nora, ta rufe baki da hannu. Na ɗauka an gama, har na sauke ajiyar zuciya, an sauke min alkawari. Sai Inna ta gyara zama, ta kawar da fuskarta daga wayar, tana kallon wani wuri a bango.

"Tambaye ta, shi ne ɗanta na fari?"

"Shi ne, Inna. Shi kaɗai gare ta."

"Ka ce mata ta fi ni gata. Ita tana kiran sunan nata a gaban mutane, ta yi kukanta. Ni nawa na farin ya fi shekara goma a wata ƙasa. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ce masa ya dawo ba, don mu ba a yin haka. Ƙaramin nake ta kira, ko babban zai ji."

Nora ta dube ni. "Me ta ce?"

Na buɗe baki. Turancin da nake ciniki da shi kullum ya gudu ya bar ni. Sabi'u ne ya fassara, kansa a ƙasa. Kafin ya gama Inna ta miƙa wa ƙanwarmu wayar, muna jin ta tana cewa a duba mata tukunya kada ta kama.

Na tashi na fita bayan gida, na tsaya cikin rigunan da ke shanye, na yi kukan da rabona da shi tun ina yaro. Na haura arba'in a duniya, 'ya'yana suna amsa min da Turanci da Malayanci, ranar na fara jin uwata ta ce tana kewata, shi ma sai da ta bi ta kan wata Baturiya.

Ban dawo da Sabi'u ba. Yana can yana cika musu sha biyar. Wanda ke son mayafi a hannuna ya yi sauri, don azumi mai zuwa a ɗakin Inna zan sha ruwa.